Duban Bawa da Ganin Ubangiji

Daga cikin labaran ilmin zamani da suke iso mana nan ƙasar Bagudo, ko ta bakin 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato, ko ta wayar hannu wadda yanzu ba ta bar Kurgu ba, ba ta bar Illo da Ka'oje da Lolo ba, har ta ƙetare iyaka zuwa ga 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Benin, akwai guda ɗaya da ya cancanci a zauna a warware shi cikin natsuwa, domin ya taɓo wata mas'ala da malaman tauhidi suka daɗe suna jujjuyawa. Labarin kuwa shi ne, masana ɗabi'ar halitta sun tabbatar a ɗakunan gwaji cewa ƙwayar zarra, wadda bisa al'adarta take sauyawa daga wani hali zuwa wani, idan aka dage ana auna ta ba ƙaƙƙautawa, sai sauyin ya yi jinkiri, har ya kai ga kusan tsayawa cik. Wanda ya ji wannan magana tsurarta, ba sharhi ba ta'aliki, ɗayan uku zai yi: ko ya ƙaryata ta ya ce tatsuniyar Nasara ce, ko ya ce ga hujjar kambun baka ta bayyana a hannun waɗanda suke musun sa, ko kuwa ya zarce ya ce ashe tunanin ɗan Adam ne ke juya halitta, wanda shi ne mafi haɗarin ukun. Labarin dai gaskiya ne, amma duka ukun sun yi gaggawar hukunci, domin abin da yake nunawa shi ne iyakar sanin bawa, da irin nisan da ke tsakanin wannan sani da sanin Mahaliccinsa.

Asalin mas'alar tsoho ne ƙwarai. A ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, an yi wani masanin falsafa na Yunanawa mai suna Zeno, mutumin garin Elea da ke kudancin Italiya ta yau, wanda ya kawo shubuhar kibiya: ya ce kibiyar da aka harba, a kowane lokaci guda da ka ɗauka, tana cike da wuri ɗaya daidai tsawonta, abin da ke cike da wuri ɗaya kuwa a tsaye yake, to idan zamani duka haɗin irin waɗannan lokuta ne, yaushe kibiyar ta motsa? Aristo ne ya adana mana wannan shubuha a littafinsa na ɗabi'iyyat, ya yi mata raddi da cewa zamani ba tarin lokuta ne marasa tsawo ba. Da aka mayar da littafin nan Larabci a Bagadaza, sai mas'alar ta sami sababbin masu tauna ta cikin malaman kalam. Annazzam, Bamu'utazile na Basra a ƙarni na tara, ya tafi a kan cewa jiki yana rabuwa ba iyaka, da aka tsare shi da tambayar yadda mai tafiya zai ratsa yankuna marasa iyaka cikin lokaci mai iyaka, sai ya ce mai motsi yana yin tsalle daga wuri na farko zuwa na uku ba tare da ya bi ta na biyu ba. Ash'arawa kuwa, musamman Alƙali Baƙillani, Bamalikin da ya rasu a 1013, suka tsaya a kan cewa jiki yana ƙarewa ga jauhari guda wanda ba ya rabuwa, kuma siffofin da ke bijiro masa, wato aradi, irin su motsi da tsayuwa da launi, ba sa wanzuwa lokuta biyu, sai dai Allah Yana sabunta su a kowane lokaci.

Wannan karatu ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. Littafin Ummul Barahin na Shaihu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya ratsa Sahara ya zama ginshiƙin karatun tauhidi a zaurukanmu, Fulani suka sarrafa ma'anoninsa da harshensu, Hausawa suka haddace siffofin Allah ashirin da nasu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙi wannan yanki har rasuwarsa a 1829, da yayansa Shehu Usmanu, duk a kan wannan tafarki suka tashi. Saboda haka almajirin da ya san bambancin jirmi, wato jiki, da aradi, ya san hukuncin hankali da na al'ada da na shari'a, yana da makamin fahimtar labarin nan fiye da yadda yake tsammani, abin da ya rage masa shi ne a bayyana masa yadda gwajin yake.

Masana sun gano tun farkon ƙarni na ashirin cewa ƙwayar zarra ba ta ɗaukar kowane irin gwargwadon ƙarfi da ta ga dama, sai wasu matakai ƙididdigaggu, kuma idan aka haska mata igiyar rediyo ko haske mai mitar da ta dace, tana iya barin mataki na farko ta koma na biyu. Abin mamaki yana tsakanin matakan biyu: muddin ba a auna ta ba, lissafi yana siffanta ta da wani hali gauraye, mai rabo daga wannan mataki da rabo daga wancan, rabon na biyu yana ƙaruwa sannu a hankali, amma duk sa'ad da aka auna, ba a taɓa samun ta a tsakani, sai dai a same ta a na farko ɗungum ko a na biyu ɗungum, kuma daga inda aka same ta ne lissafin yake sake farawa. Mabuɗin mas'alar duka yana ga yadda wannan rabo yake ƙaruwa a farkon al'amari, domin ba ya tafiya daidai da lokaci, yana tafiya ne daidai da lokaci idan an ninka shi da kansa: in lokaci ya ragu zuwa rabi, ihtimalin sauyi ya ragu zuwa rubu'i, in ya ragu zuwa ushuri, ihtimalin ya koma ɗaya cikin ɗari.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Kwara ya ga yadda matuƙi yake tayar da kwale-kwale mai kaya daga gaɓa zai gane wannan lissafi. Jirgin da yake tsaye, idan aka dage ana tura shi da ƙarfi iri ɗaya, a daƙiƙa ta farko da ƙyar zai ci taku ɗaya, a daƙiƙa biyu ya ci huɗu, a uku ya ci tara, a goma ya ci ɗari, domin gudun da ya tara ɗazu shi ke taimakon turin yanzu. To, a ce akwai wani mai igiya da yake tsayar da jirgin cik a ƙarshen kowace daƙiƙa sannan ya sake shi: cikin daƙiƙa goma jirgin taku goma kaɗai zai ci maimakon ɗari. In kuwa sau goma yake tsayar da shi a kowace daƙiƙa, taku ɗaya tak zai ci, alhali matuƙi bai rage ƙarfinsa ko kaɗan ba. Awo ga zarra shi ne mai igiyar nan, yana zubar da abin da ta tara na shirin sauyi, ya mayar da ita ga fari. Inda misalin ya gaza shi ne, jirgi ana ganinsa a tsakiyar kogi, zarra kuwa ba a samunta sai a wannan gaɓa ko waccan, kuma abin da ke taruwa gare ta rinjayen ƙetarewa ne, ba tafiyar da ido zai gani ba.

Alan Turing, masanin lissafi na Ingila, ya lura da wannan natija a 1954, shekarar da ya mutu. Amma waɗanda suka tsara ta suka raɗa mata sunan Zeno su ne masana biyu 'yan asalin Indiya, Baidyanath Misra da George Sudarshan, a Jami'ar Texas da ke Austin, cikin 1977. Magana ta zauna a takarda har 1990, lokacin da Wayne Itano da David Wineland da abokan aikinsu biyu, a cibiyar ma'aunai ta gwamnatin Amurka da ke Boulder a jihar Colorado, suka bayyana sakamakon gwajinsu. Sun tsare kimanin ƙwayoyin zarra 5,000 na ma'adinin beriliyam cikin tarkon maganaɗisu da lantarki, suka sanyaya su da hasken leza, sannan suka sakar musu igiyar rediyo wadda, in an bar ta ta yi aikinta, cikin kashi 256 daga 1,000 na daƙiƙa za ta mayar da dukkansu daga mataki na farko zuwa na biyu. A cikin wannan ɗan lokaci suka riƙa harba musu gajeren haske wanda zarrar da ke mataki na farko take walƙiya da shi, wadda ke na biyu kuwa ba ta yi, ta yadda walƙiyar amsa ce, rashinta ma amsa ce. Lissafi ya ce in an auna sau 2 rabinsu ne za su ƙetare, in sau 8 ƙasa da rubu'i, in sau 64 ba za su kai kashi 4 cikin 100 ba; abin da aka ƙirga a ƙarshe ya bi wannan tsari, har a awo na 64 kusan babu wadda ta ƙetare. Wineland ya sami kyautar Nobel a 2012, tare da Serge Haroche na Faransa, saboda hanyoyin da suka buɗe na sarrafa irin waɗannan ƙananan halittu ɗaya-ɗaya.

Bayan wannan an maimaita al'amarin ta fuskoki dabam-dabam. A 2006 ƙungiyar Wolfgang Ketterle a cibiyar MIT ta nuna da ƙwayoyin rubidiyam cewa awon da ba ya yankewa, wato haske mai rauni da aka bari a kunne, yana hana sauyi kamar yadda awo mai yankewa yake yi. A 2015 kuma Mukund Vengalattore da ɗalibansa a Jami'ar Cornell suka nuna cewa ƙwayoyin da ke sulalewa daga gurbi zuwa gurbi cikin wata raga ta haske suna rage sulalewa gwargwadon yadda aka ƙara ƙarfin hasken da ake ɗaukar hotonsu da shi. Sai dai adalci ya wajabta a ambaci ɗaya gefen, wanda masu yaɗa labarin sukan bari a baya: a 2001 Mark Raizen da abokansa a Austin, da ƙwayoyin sodiyam, sun nuna cewa in aka sauya tazarar da ke tsakanin awo da awo, sai awon ya gaggauta sauyin maimakon ya jinkirta shi. Haka kuma ɗan lokacin nan na farko, wanda a cikinsa ihtimali yake tafiyar hawainiya, a mafi yawan halittu gajere ne har ba na'urar da za ta iya shiga cikinsa, shi ya sa babu wanda ya taɓa hana ma'adinin yuraniyam lalacewa ta hanyar tsare shi da ido, balle ya hana tsufa ko ajali.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa, wane ne ya yi kallon a gwajin Boulder? Amsa ita ce babu kowa. Ba wani mutum da ya zauna yana bin kowace zarra da ido a cikin rubu'in daƙiƙar nan, ƙirga ma sai a ƙarshe aka yi ta. Abin da ya hana sauyin shi ne hasken da ya haɗu da zarra ya fita ɗauke da alamar halin da take ciki, ko an karanta alamar ko ta ɓace a bangon na'ura. Da za a kulle ɗakin kowa ya tafi gida ya bar na'ura tana aiki, sakamakon ba zai sauya da ƙwayar gero ba. Masana kansu sun yi saɓani a kan tafsirin abin da ke faruwa a lokacin awo, har Leslie Ballentine ya yi wa gwajin raddi a 1991 cewa ana iya bayyana shi da cuɗanyar haske da zarra kaɗai, ba sai an ce halin gauraye ya rushe ba. Amma saɓaninsu a ma'ana ne, a adadi bakinsu ɗaya, kuma lissafin da ya faɗi adadin bai sanya zuciya ko niyyar mai awo a cikinsa ba. Da wannan hujjar mai cewa tunanin mutum ke juya halitta ta faɗi. Shi kuwa kambun baka, Ahlus Sunna sun karɓe shi ta hanyar naƙali, ba ya jiran shaidar ɗakin gwaji, gwajin da na'ura marar hassada take yi a ɗakin da ba kowa kuma ba ya tabbatar da shi, ba ya kore shi.

To, mene ne rabon mai imani a cikin labarin? Rabonsa babba ne, in ya nema a inda yake. Malaman tauhidi, da suka zo bayanin siffofin ma'ani guda bakwai, sun rarrabe tsakanin waɗanda ta'alluƙinsu na tasiri ne da waɗanda ta'alluƙinsu na bayyanarwa ne: ƙudura da irada suna rataya ga abubuwa masu yiwuwa, irada ta keɓance su ƙudura ta samar da su ko ta rasar da su, ilmi kuwa, da ji da gani, abu yana bayyana ne gare su yadda yake, ba tare da sun sauya shi ba. Wannan siffa ta sanin da ba ya taɓa abin da aka sani, mun daɗe muna jin kamar mu ma muna da rabo a cikinta, domin muna ganin dutse da bishiya da wata ba mu ga kallonmu ya rage su da kome ba. Abin da ilmin zarra ya fallasa shi ne, wannan zato ya samo asali ne daga girman abubuwan da muke kallo. Bawa ba ya sanin kome daga halitta sai da wasiɗa, sai haske ya tafi ya dawo, sai sauti ya bugi kunne, sai wani abu ya ƙulla alaƙa da wani ya bar gurbi, kuma idan aka gangara ga halittar da ƙanƙantarta ta kai nauyin wasiɗar, sai ya zama tambayar da ka yi mata ta shiga cikin abin da zai same ta. Mai awo a nan ba shaida ba ne da ke tsaye a gefe, yana cikin shari'ar tsundum.

Daga nan ake gane amsar wata shubuha da za ta iya faɗo wa ɗalibi mai kaifin hankali, ya ce: idan dubawa ba ƙaƙƙautawa tana tsayar da zarra, Allah kuwa Shi ne Arraƙibu wanda ko zarra ba ta ɓuya gare Shi a kowane lokaci, me ya hana duniya daskarewa? Shubuhar ta ginu ne a kan ƙiyasin Mahalicci da abin halitta, wanda siffar saɓa wa fararru ta rushe tun daga tushe. Ganinsa, tsarki ya tabbata gare Shi, ba da ƙwayar ido ba ne, ba da haske ba ne, ba daga wata jiha ba ne, ba ya bukatar manzo ya je ya dawo da labari, saninsa kuma bai sabunta bayan jahilci ba balle a ce akwai lokacin tambaya da lokacin amsa. Saboda haka zarra tana sauyawa a gaban ganinsa, kogi yana gudu, jariri yana girma, babu abin da ganin ya tsayar. In Ya so tsayarwa ko motsarwa, wannan aikin ƙudura ne bisa irada. Mu ne in muka matsa wa abu da tambaya muke ɓata shi, in muka ƙyale shi kuma ya kuɓuce wa saninmu, kuma babu wata na'ura da za a ƙera nan gaba da za ta fitar da mu daga tsakanin waɗannan biyun, domin ita ma na'urar halitta ce mai cuɗanya da halitta.

Akwai kuma wani tarko da masu kishin addini sukan faɗa da kyakkyawar niyya, wato su ce ai Baƙillani ya riga Turawa, jauharinsa shi ne zarrarsu, sabunta aradi a kowane lokaci shi ne mayar da ita ga fari, tsallen Annazzam kuma shi ne tsallenta daga mataki zuwa mataki. Kamanni akwai shi, kuma abin alfahari ne cewa magabatanmu sun yi zurfin tunani a kan zamani da motsi har suka tsaya inda hankali yake tsayawa a yau. Amma jauharin mutakallimai ba ya rabuwa ko a cikin tunani, zarrar masana kuwa tun 1911 Ernest Rutherford ya nuna tana da cibiya, an kuma fasa cibiyar daga baya. Su malamanmu hujjar hankali suke nema a kan faruwar duniya, waɗannan kuwa adadi suke nema wanda awo zai gaskata. Duk abin da ɗakin gwaji ya tabbatar yana ƙarƙashin hukuncin al'ada ne, wato haɗuwar abu da abu bisa maimaituwa, wanda hankali bai hana saɓawarsa ba, kamar yadda Imamu Gazali ya yi bayani a Tahafutul Falasifa game da wuta da auduga. Wanda ya rataya aƙidarsa a kan hukuncin al'ada kuwa, ranar da masana suka gyara bayaninsu sai ya wayi gari yana neman wata maratayar. Shehu Usmanu ya yi inkari mai tsanani ga ɗaliban kalam na zamaninsa da suke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjoji ba. Bai dace mu da muke bayansa mu buɗe sabuwar ƙofa ta auna imanin mutane da labarin da ko mu ba mu ƙware a lissafinsa ba.

Abin da nake roƙon malamanmu na zaure, daga Bagudo har bakin iyaka, shi ne kada su kori yaron da ya zo musu da irin wannan tambaya, su zaunar da shi su biya masa babin ta'alluƙin siffofi, domin amsarsa tana cikin littafin da ke gabansu. Abin da nake roƙon ɗalibanmu na jami'a kuma shi ne kada su ɗauki labarin kimiyya daga guntun bidiyo su kai shi majalisa, su koyi lissafin da ke ƙarƙashinsa tukuna, wanda farkonsa bai wuce ninka lamba da kanta ba, su kuma faɗi gefen da ya jinkirta da gefen da ya gaggauta gaba ɗaya. Masana yanzu suna bincike a kan yadda za a yi amfani da wannan dabara a kare bayanai daga lalacewa cikin sabuwar kwamfuta mai aiki da halayen zarra, kuma babu abin da ya hana ɗan Kurgu ko ɗan Illo ya kasance cikin masu wannan aiki, in an ba shi malamin lissafi na kirki tun daga firamare. Hukuncin mas'alar dai a taƙaice shi ne: awo mai yawa yana iya jinkirta sauyin zarra, wannan tabbatacce ne bisa gwaji; dalilinsa cuɗanyar halitta da halitta ne, idon mutum da zuciyarsa ba su da hannu a ciki; sanin da ke kewaye kome ba tare da ya taɓa kome ba kuwa na Allah ne Shi kaɗai. Allah Shi ne mafi sani.